Harajin Gado a Birtaniya da Amurka: Inda Dabarar Lauya Ke Karo da Rabon Shari'a

A ƙarshen shekarar 2024, lokacin da gwamnatin Bola Tinubu ta aika wa majalisa ƙudurorin gyaran haraji, ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi tayar da hankali a Arewa shi ne raɗe-raɗin cewa za a riƙa yankar haraji daga dukiyar mamaci kafin a raba wa magada. An yi huɗubobi a kai, an yi ta muhawara a gidajen rediyo. Shugaban kwamitin gyaran, Taiwo Oyedele, ya fito ya ce babu harajin gado a ciki, ya kuma tuna wa jama'a cewa Najeriya ta taɓa kafa irinsa a 1979, aka soke shi a 1996. A watan Yunin 2025 aka sa hannu a dokokin, ƙura ta lafa.

Ta lafa ne ga wanda dukiyarsa duk tana gida. Amma muna da likitoci da malaman jami'a da ma'aikatan jinya da suka kwashe shekaru a Manchesta da Birmingham da Houston, muna da 'yan kasuwar da suka sayi gida a Landan don yara masu karatu, ga kuma matasan da ke zaune a Kano ko Kaduna suna sayen hannun jarin kamfanonin Amurka ta waya. Duk waɗannan harajin gado yana jiransu, kuma da yawansu ba su taɓa zama sun yi lissafinsa ba. Mutumin da asalinsa ɗan Birtaniya ko Amurka ne yana da matsala ɗaya, wato yadda zai rage harajin. Musulmi yana da biyu, domin hanya mafi sauƙi ta rage shi ita ce wadda ta fi kauce wa rabon da Suratun Nisa'i ta shimfiɗa.

Na fara da Birtaniya, don can ne abin ya fi cizo. Idan mutum ya rasu, hukumar haraji ta HMRC tana haɗa duk abin da ya bari, gida da kuɗin banki da jari da mota, a cire bashi da kuɗin jana'iza. Fam 325,000 na farko babu haraji a kansa. Abin da ya haura ana karɓar kashi 40 cikin 100. Idan gidan da ya zauna a ciki zai koma hannun 'ya'yansa ko jikoki, ana ƙara masa rangwamen da ya kai fam 175,000, wanda ke soma raguwa idan dukiyar ta wuce fam miliyan 2. Adadin nan na fam 325,000 tun shekarar 2009 bai motsa ba, alhali farashin gidaje ya yi ta hawa. Shi ya sa harajin da a da ake ɗauka na masu sarauta da manyan attajirai ne yanzu yake riskar iyalin da duk arzikinsu gida ɗaya ne a bayan garin Landan. Har yanzu waɗanda ake karɓa daga dukiyarsu ba su kai kashi 5 cikin 100 na masu rasuwa ba, amma kuɗin da gwamnati ta tara ta wannan hanya ya haura fam biliyan 8 a shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025.

Akwai sauyin da ya shafe mu kai tsaye. Kafin Afrilun 2025, baƙon da zai iya nuna cewa asalin mazauninsa Najeriya ne, kuma can zai koma, yana iya kare dukiyarsa ta gida daga wannan haraji na tsawon shekaru. Yanzu an koma ƙirga shekarun zama. Duk wanda ya zauna a Birtaniya shekara 10 daga cikin 20 da suka wuce, dukiyarsa ta ko'ina a duniya ta shiga lissafi: gidan Nasarawa GRA, filin Abuja, gonar gado ta ƙauye. Ko ya tattara ya dawo gida, dokar tana bin sa na wasu shekaru, daga 3 zuwa 10 gwargwadon daɗewar da ya yi. Shi kuwa wanda bai taɓa zama can ba amma yana da gida a Landan, gidan yana cikin haraji tun asali, kuma tun 2017 sanya shi cikin kamfanin ƙetare ba ya fid da shi.

Babbar ƙofar da doka ta buɗe ita ce ta aure. Duk abin da miji ya bar wa matarsa, ko mata ta bar wa mijinta, babu haraji a kai komai yawansa, matuƙar su biyun mazauna ƙasar ne na dindindin. Ƙari a kan haka, rangwamen da na farko bai yi amfani da shi ba yana komawa ga na biyu. Don haka shawarar da kusan kowane lauya zai fara bayarwa ita ce a bar wa wanda ya rage komai, idan shi ma ya rasu sai 'ya'ya su gaji har fam miliyan 1 ba tare da biyan ko sisi ba.

A duba yadda wannan yake a ƙasa. A ce wani likita ne, gidansa ya kai fam 700,000, yana da ajiya da jari na fam 200,000, da gida a Kano da ya kai fam 100,000. Jimilla miliyan 1, duk da sunansa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya, iyayensa sun riga shi. Idan ya rubuta a bar wa matar komai, ranar rasuwarsa HMRC ba ta da ko fam ɗaya. Idan ya rubuta a raba yadda Shari'a ta ce, matar tana da tumuni, fam 125,000, wanda babu haraji a kansa. Sauran fam 875,000 na 'ya'ya ne. A cire rangwame biyun, fam 500,000, saura fam 375,000. Kashi 40 na wannan fam 150,000 ne. Wato bin rabon Alƙur'ani kai tsaye, ba tare da wani shiri ba, ya ci wa marayun nan kashi uku cikin huɗu na ajiyar mahaifinsu.

To me zai hana a bar wa uwar komai, tunda uwarsu ce? Abin da zai hana yana da yawa. Na farko, rabon 'ya'ya haƙƙinsu ne daga lokacin da rai ya fita, mahaifin ba shi da ikon ba wa wani. Na biyu, da zarar dukiyar ta zama tata, ranar da ta rasu magadanta ne za su ci, waɗanda za su iya haɗawa da iyayenta, ko sabon miji idan ta sake aure. Idan kuma akwai 'ya'yan wata matar, waɗanda ba ita ta haifa ba, a Shari'a ba su da gadonta ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa zama a wurin rabon gadon gidan da ke da ɗakuna biyu ya san irin wutar da wannan kan kunna.

Kafin a zo ga mafita, akwai rami biyu da mutanenmu ke faɗawa tun ba a kai ga lissafi ba. Na farko auren da aka ɗaura a masallaci ko a falo a Ingila ba tare da rajista ba. A watan Fabrairun 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila, a shari'ar Akhter da Khan, ta yanke cewa irin wannan ɗaurin aure bai zama aure a idon dokar ƙasar ba. Matar da ke cikin wannan hali ba ta da rangwamen ma'aurata. A misalin likitan nan, har tumuninta sai an yi masa haraji, kuɗin ya tashi daga fam 150,000 zuwa 200,000, kuma idan babu wasiyya ba ta cikin jerin magada kwata-kwata, sai dai ta shiga kotu neman abin rufin asiri. Auren da aka ɗaura a Najeriya bisa ƙa'idar da ƙasar ta amince da ita yana da matsayi daban, ana karɓarsa, amma sai da takardar shaida a hannu. Rami na biyu mutuwa ba wasiyya. A Ingila idan haka ta faru, matar tana ɗaukar kayan gida da fam 322,000 na farko da rabin abin da ya saura, 'ya'ya su raba ɗaya rabin daidai wa daida. Idan mamaci ya bar mahaifiya, tsohuwar da ke Funtuwa, wadda ta sayar da tumakinta ta biya masa kuɗin makaranta, wadda Allah ya yanka mata sudusi, ba ta da komai a wannan tsari. Wannan ya fi ci mini rai fiye da harajin kansa, domin takarda mai shafi kaɗan da shaidu biyu ta isa ta hana shi.

Mataki na farko na shiri shi ne a tantance mene ne na wa. Gidaje da yawa miji da mata ne suka biya su tare daga albashinsu biyu, amma ana kiransa gidan maigida. Idan rabi nata ne a gaskiya, to rabin bai cikin gadonsa, a Shari'a da a doka, kuma dukiyar da za a yi wa haraji ta ragu nan take. Sai dai a kula da yadda aka rubuta mallakar. Akwai rubutun da ke sa gidan ya koma ga wanda ya rage kai tsaye, wasiyya ba ta taɓa shi, akwai kuma wanda kowa ke da kasonsa da zai shiga gadonsa. Mai son a bi rabon Shari'a na biyun yake bukata.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowanne ƙarfi, shi ne kyauta tun mutum na da rai. Dokar Birtaniya ta ce duk abin da ka ba wani mutum, idan ka ƙara shekara 7 a duniya bayan kyautar, ya fita daga lissafi gaba ɗaya. Idan ka rasu kafin nan sai a dawo da shi, ya fara cinye rangwamen fam 325,000. Mutane kan ji cewa harajin yana raguwa bayan shekara 3, daga kashi 40 zuwa 32, zuwa 24, 16, har 8, su ɗauka kowace kyauta ce. Wannan sassaucin yana aiki ne kawai a kan kyautar da ta haura fam 325,000. Ban da wannan akwai ƙananan ƙofofi: fam 3,000 a kowace shekara, fam 5,000 gudummawar auren ɗa ko 'ya, fam 2,500 ga jika. Akwai kuma wadda ba a cika sani ba, kuma ta dace da yadda muke rayuwa: duk abin da mutum ya saba bayarwa a kai a kai daga rarar abin da yake samu, ba tare da ya taɓa jarinsa ko ya takura kansa ba, babu haraji a kai kuma babu jiran shekara 7. Kuɗin da ake tura wa iyaye duk wata da kuɗin makarantar 'ya'yan ƙanne suna iya shiga nan, in dai an ajiye rubutu da zai nuna shigar kuɗi da fitarsa.

Sharaɗin kyauta shi ne a sake ta da gaske. Tun 1986 doka ta toshe dabarar mutum ya rubuta wa ɗansa gida ya ci gaba da zama a ciki kyauta. Idan ya yi haka, ko shekara 20 ta wuce, gidan yana cikin gadonsa, sai fa idan yana biyan ɗan cikakken kuɗin haya irin na kasuwa. Wanda ya yi karatun fiƙihun Malikiyya ba zai ji wannan baƙo ba. A wurinmu kyauta ba ta kammala sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa ya riƙe. Idan mai kyautar ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali kafin a yi hauzi, kyautar ta ɓaci, ta koma gado. Uban da ya ba ɗansa gidan da yake zaune a ciki sai ya kwashe kayansa ya fita. Alƙalan kotunan Shari'a a Arewa sun sha rushe kyautar baki saboda wannan. Dalilan sun bambanta, ɗaya yana kare baitulmali, ɗaya yana kare magada, amma dukansu sun gane cewa mutum yana son ya bayar kuma ya riƙe a lokaci guda, kuma dukansu sun ƙi yarda.

A nan ne nake ganin ya kamata a yi taka-tsantsan sosai, domin ƙofar kyauta ita ce ƙofar zalunci mafi sauƙi. Mutum zai iya fakewa da gudun haraji ya mallaka wa 'ya'yan amarya gidaje, ko ya tura wa maza komai ya bar mata da kujeru. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir sananne ne: mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, ya nemi Manzon Allah (SAW) ya shaida, aka tambaye shi ko duk 'ya'yansa ya yi wa haka, da ya ce a'a sai Manzo ya ƙi shaidawa, ya umarce shi da adalci tsakaninsu. Lauyan Landan ba zai tambaye ka wannan ba, aikinsa lissafin shekara 7 ne. Kuma akwai haɗarin da ke kan mai bayarwar: dattijon da ya raba komai yana da shekara 65 zai iya kai 90 yana jiran abin da 'ya'ya za su miƙo masa. A bayar da rara, a riƙe abin da zai ishi tsufa da jinya.

Wasiyyar sulusi kuwa ta zo daidai da doka ba tare da wani karo ba. Manzon Allah (SAW) ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas sulusi, ya ce sulusin ma da yawa, kuma ba a yi wa magaji wasiyya. Duk abin da aka bar wa ƙungiyar agaji mai rajista a Birtaniya babu haraji a kai, kuma tun 2012 idan abin ya kai kashi 10 cikin 100 na dukiyar da ta haura rangwame, harajin sauran yana sauka daga kashi 40 zuwa 36. Mai niyyar sadaka mai gudana, rijiya ko makaranta ko wakafi, ya samu biyu ke nan. Abin lura kawai shi ne idan ya rubuta sunan masallacin unguwarsu a Zariya kai tsaye, rangwamen ba zai hau ba. Sai ya bi ta ƙungiyar da ke da rajista a can, wadda ke aiki a gida.

Saura asusun amana, inda ake damƙa dukiya a hannun amintattu su riƙe don amfanin wasu. Lauyoyin da ke rubuta wa Musulmi wasiyya a Ingila sun daɗe suna amfani da wani salo nasa don warware matsalar likitan nan. Ana sanya dukiyar a amana da sunan matar za ta ci moriyarta, wanda doka ke ɗauka tamkar an bar mata, saboda haka babu haraji ranar rasuwa. Daga baya amintattun su fitar da kason kowane magaji su ba shi bisa rabon Shari'a, doka kuma ta ɗauki wannan a matsayin kyauta daga matar, wadda za ta fita daga haraji idan ta rayu shekara 7. Dabarar tana aiki a takarda. A ganina tana da sharaɗi biyu da ba a wasa da su: amintattun su zama masu tsoron Allah da sanin rabo, kuma jinkirin ya zama gajere da yardar magadan da suka balaga, domin riƙe haƙƙin magaji ba da izninsa ba abu ne da sai an zauna da malami a kai, ba lauya kaɗai ba.

Irin wannan tsari ne manyan gidaje suka daɗe suna yi. Lokacin da wani basaraken Birtaniya, Duke na Westminster na shida, ya rasu a 2016, an ƙiyasta dukiyar gidan da kusan fam biliyan 9, amma mafi yawanta tana cikin asusun amana tun zamanin kakanni, inda ake biyan abin da bai wuce kashi 6 cikin 100 ba duk shekara 10 maimakon kashi 40 a lokaci guda. A Amurka, Sam Walton ya raba wa 'ya'yansa huɗu kashi 20 cikin 100 kowannensu na kamfanin iyali tun 1953, shekara 9 kafin ya buɗe kantin Walmart na farko. Ya bayar lokacin da abin bai da wata daraja, ya girma a hannunsu. Tun ran gini tun ran zane. Ban ga adalci a tsarin da mai biliyoyi ke wucewa da sauƙi, ma'aikaciyar jinya mai gida ɗaya ta biya cikakke ba, amma dokar ke nan, kuma ƙofofin da ya bi a buɗe suke ga kowa.

Amurka ba ta bukatar dogon bayani ga yawancin mazauna cikinta. Harajin tarayya, wanda aka kafa a 1916, yana kaiwa kashi 40, amma rangwamensa dala miliyan 13.99 ne a 2025, kuma dokar da Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ɗaga shi zuwa dala miliyan 15 ga kowane mutum daga 2026. Kaɗan ne ke kaiwa nan. Jihohi ne ke da nasu: Oregon tana farawa daga dala miliyan 1, Massachusetts daga miliyan 2, Pennsylvania kuwa tana karɓar kashi 4.5 daga abin da 'ya'ya suka gada, kashi 12 daga 'yan'uwa. Ga wanda bai kai rangwamen ba, gaggawar kyautar da gida ko hannun jarin da ya yi daraja tana iya zama asara, domin abin da aka gada ana sabunta farashinsa zuwa na ranar rasuwa, ribar baya ta tsira daga haraji, abin da aka bayar da rai kuwa yana tafiya da tsohon farashinsa. Sannan rangwamen ma'aurata marar iyaka na matar da ke da takardar zama 'yar ƙasa ne kawai. Mai katin zama kaɗai sai an yi mata asusun amana na musamman.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne wanda bai taɓa taka Amurka ba. Baƙon da ba mazauni ba rangwamensa dala 60,000 ne kacal a kan kadarar da ke ƙasar, kuma hannun jarin kamfanonin Amurka yana ciki ko daga ina aka saye shi. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ke da yarjejeniyar harajin gado da Amurka. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya tara dala 200,000 a hannun jarin Apple da Tesla don gudun faɗuwar naira ya bar wa iyalinsa lissafi da hukumar harajin Amurka ta IRS, kuma sau da yawa iyalin ba su ma san da asusun ba, balle lambar sirrin wayar.

A Birtaniya ƙofofin suna ƙara ƙunci. Daga Afrilun 2027 kuɗin fanshon da mutum ya bari bai ci ba zai shiga lissafin gado, alhali shekaru da dama nan ne ma'aikata ke ɓoye rararsu. Harajin kuma ana son sa kafin ƙarshen wata na shida bayan rasuwa, daga nan ruwa ya fara hawa, kuma yawanci sai an fara biya kafin kotu ta ba da takardar izinin taɓa dukiyar. Harajin da ya hau kan gida ana iya rarraba biyansa shekara 10. Iyalin da mamacinsu ya tafi ba shiri suna da dama guda da ta rage: cikin shekara 2 da rasuwa, magada za su iya rubuta yarjejeniyar sauya rabo, hukuma ta ɗauke ta tamkar mamacin ne ya rubuta. Da ita za a iya mayar wa uwa sudusinta, a fitar da sadaka, a gyara abin da dokar rashin wasiyya ta karkatar. Sai dai duk wanda kasonsa zai ragu sai ya sa hannu da kansa, kuma idan akwai yaron da bai kai shekara 18 ba a cikinsu, sai alƙali ya amince a madadinsa.